Kuɗin Ƙungiyar Ƙwadago da Asusun Jam'iyya: Wa Ke da Ikon Cewa a Bayar?

Tsakure

Takardar nan ta ɗauki tambaya guda: shin ya dace ƙungiyar ƙwadago ta ɗebi kuɗin da ake yanka daga albashin 'ya'yanta duk wata, ta zuba a asusun jam'iyyar siyasa? An bi sawun muhawarar a Birtaniya, inda aka haura shekara 100 ana tafka ta, an leƙa Amurka da Afirka ta Kudu, sannan aka dawo kan dokokin Najeriya da abin da ke gudana a ƙasa. Matsayin takardar shi ne kuɗin wata-wata bai halatta ga jam'iyya ba. Sai dai hanin da tsarin mulkin Najeriya ya yi wa ƙungiyoyi ɗungurungum shi ma bai yi wa ma'aikaci adalci ba, don haka a buɗe ƙofar asusu na dabam wanda mutum zai shiga da sa hannunsa.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa riƙe takardar albashin malamin firamare ya san layin da zan yi magana a kai. Bayan haraji da fansho da bashin da ake cira, akwai wani ɗan layi na kuɗin ƙungiya. Malamin bai ƙirga kuɗin ya miƙa da hannunsa ba. Tun a ofishin biyan albashi aka zare, kafin alat ya shigo wayarsa. Abin da aka zare bai taka kara ya karya ba, amma idan aka haɗa na dubban malamai da ma'aikatan asibiti da na ƙananan hukumomi, wata bayan wata, sai ya zama dukiyar da ba ta yankewa. Ɗan siyasa kuwa ba abin da yake so irin kuɗin da ba ya yankewa.

Sai an raba abu biyu tun farko, in ba haka ba muhawarar za ta cakuɗe. Ƙungiyar ƙwadago ba za ta iya nisantar siyasa ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 doka ce, majalisa ta yi ta. Yajin aikin Janairun 2012, da ya sa aka sauko da litar fetur daga naira 141 zuwa 97, siyasa ce tsagwaronta. Kashe kuɗin ƙungiya a kan irin wannan shi ne ainihin aikinta. Abin da ake jayayya a kai ya fi wannan ƙunci: miƙa kuɗin ga wata jam'iyya ko ɗan takararta.

Birtaniya: daga Osborne zuwa yau

Jam'iyyar Leba ta Birtaniya da kuɗin ƙungiyoyi aka haife ta. A 1900 aka kafa kwamitin neman wa ma'aikata wakilci a majalisa. A 1901 kotun ƙoli ta lokacin ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin jirgin ƙasa na Taff Vale cewa ana iya cin ƙungiya tarar asarar da yajin aiki ya jawo, har ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta biya kimanin fam 42,000 haɗe da kuɗin shari'a. Nan ƙungiyoyi suka gane cewa in ba su da nasu a majalisa, alƙalai za su cinye su. A zaɓen 1906 kwamitin ya ci kujeru 29, ya koma jam'iyyar Leba, kuma a shekarar aka yi dokar da ta warware hukuncin Taff Vale. A lura, a wancan zamani ba a biyan 'yan majalisa albashi. Leburan da aka zaɓa, in ƙungiyarsa ba ta ciyar da shi ba, ba shi da abin da zai zauna da shi a Landan.

Sai ga Walter Osborne, ma'aikacin jirgin ƙasa kuma sakataren reshen ƙungiyarsa a Walthamstow. Shi mai goyon bayan jam'iyyar Libaral ne, ya ce ba a isa a ɗauki guminsa a ba jam'iyyar da ba ya so ba. Ya kai ƙara, kuma a Disambar 1909 kotun ƙoli ta ba shi gaskiya. Leba ta shiga tsaka mai wuya. A 1911 aka fara biyan 'yan majalisa fam 400 a shekara, sannan dokar 1913 ta fito da sulhun da har yau ake kewayawa a kansa: ƙungiya na iya kashe kuɗi a siyasa idan 'ya'yanta sun kaɗa ƙuri'ar amincewa, kuɗin a ajiye shi a asusu na dabam, kuma duk wanda ba ya so ya rubuta a cire sunansa ba tare da an tsangwame shi ba.

Daga nan rigimar ta koma kan abu ɗaya: mutum zai rubuta a cire shi ne, ko zai rubuta a saka shi? Bayan babban yajin aikin 1926, gwamnatin 'yan mazan jiya ta juya dokar a 1927, ta ce sai wanda ya sa hannu za a yanka wa. Cikin shekara guda yawan 'yan ƙungiyoyin da ake biya wa jam'iyyar Leba kuɗi ya faɗo daga kimanin miliyan 3.2 zuwa miliyan 2. Da gwamnatin Clement Attlee ta soke wannan doka a 1946, adadin ya tashi daga kimanin miliyan 2.6 zuwa sama da miliyan 4 a 1947. Dokar 2016 ta sake dawo da sharaɗin sa hannu ga sababbin 'yan ƙungiya, ita kuma gwamnatin Keir Starmer tana hawa a 2024 ta gabatar da ƙudurin mayar da shi yadda yake a da.

Waɗannan alƙaluma su ne ƙashin bayan takardar nan. Mutum sama da miliyan ɗaya ba su sauya ra'ayi a shekara guda ba, ko a 1927 ko a 1947. Abin da ya sauya shi ne wanda aka ɗora wa wahalar cike fom. Ke nan kaso mai tsoka na kuɗin da jam'iyyar take karɓa kuɗin shiru ne, na mutanen da ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Mu da muka tashi da karatun fiƙihu mun san malamai ba sa ɗaukar shirun mutum a matsayin magana sai a wurare ƙalilan, kuma wakili ba ya ƙetare iyakar abin da aka wakilta shi ya yi da dukiyar wani.

Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka kawo dokar 1927 da ta 2016 ba tausayin lebura ya motsa su ba. So suke su toshe wa abokiyar hamayya hanyar abinci. Haka gwamnatin Margaret Thatcher a 1984 ta wajabta wa ƙungiyoyi sake ƙuri'a duk shekara 10 kan ko a ci gaba da asusun siyasa, da zaton za a yi watsi da shi. A zagayen farko na 1985 zuwa 1986, babu ƙungiya ko ɗaya da ta jefar da nata. Ma'aikata na son muryarsu a siyasa. Mugun nufin mai kawo doka bai mayar da hujjar Osborne ƙarya ba, ita ma hujjar Osborne ba ta nuna ma'aikata sun ƙi siyasa ba.

Amurka da Afirka ta Kudu

A Amurka tun 1943 aka hana ƙungiyoyi ba 'yan takarar tarayya kuɗi daga baitulmalinsu, dokar Taft-Hartley ta 1947 ta tabbatar da hanin. Ƙungiyoyin sai suka ƙirƙiro kwamitocin siyasa masu tara gudummawar son rai. Shari'ar Abood a 1977 da ta Beck a 1988 sun ce wanda ba ɗan ƙungiya ba ana iya karɓar kuɗin hidimar ciniki kan albashi a hannunsa, ban da na siyasa. A 2018, a shari'ar Janus, alƙalan Kotun Ƙoli 5 cikin 9 suka wuce nan, suka hana karɓar ko sisi daga ma'aikacin gwamnatin da bai yarda ba. A ganina sun zarce gona da iri, domin sun bar mutum ya ci ƙarin albashin da wasu suka sha wuya a kai ba tare da ya sa ko ƙwandala ba.

Afirka ta Kudu ta fi kusa da mu. Tarayyar ƙwadago ta COSATU ƙawar jam'iyyar ANC ce tun zamanin yaƙi da wariyar launin fata, amma duk da haka dokar ƙwadagon 1995 ta hana a ba jam'iyya ko ɗan takara kuɗin da aka yanka wa ma'aikaci bisa tilas. Bayan kisan masu haƙar ma'adinai 34 a Marikana ran 16 ga Agusta 2012, ƙawancen ya tsage. A Disambar 2013 ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, NUMSA, ta janye goyon bayanta ga ANC, aka kore ta daga COSATU a 2014. Daga baya ta kafa jam'iyyarta. A zaɓen 2019, ƙungiyar da ke da 'ya'ya sama da 300,000 ta ga jam'iyyarta ta tashi da ƙuri'un da ba su kai 25,000 ba a faɗin ƙasar. Shugabanni sun zartar a babban taro, 'ya'yan ƙungiya kuma suka shiga rumfar zaɓe suka yi abin da suka ga dama.

Gida: abin da doka ta ce da abin da ake yi

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan magana. Malam Aminu Kano da ƙungiyar malaman Arewa ya fara a 1948 kafin NEPU. Djibo Bakary a Nijar daga ƙwadago ya fito ya jagoranci Sawaba. Michael Imoudu, gwarzon yajin aikin 1945, ya goyi bayan kai tarayyar ƙwadago ta farko jikin jam'iyyar NCNC, kuma jayayya kan wannan manne wa jam'iyya na cikin abin da ya raba ta biyu a ƙarshen shekarun 1940. Imoudun nan dai shi ne ya zama mataimakin Malam Aminu a PRP a Jamhuriya ta Biyu. A Gana, dokar 1958 ta Kwame Nkrumah ta ɗaure tarayyar ƙwadago da jam'iyyar CPP, ta kuma tabbatar mata da kuɗin da ake yanka daga tushe. Da ma'aikatan jirgin ƙasa da tashar ruwa na Sekondi-Takoradi suka tafi yajin aiki a 1961, shugabannin tarayyar gefen gwamnati suka tsaya.

A rubuce, dokar Najeriya ta rufe ƙofar. Sashe na 221 na tsarin mulkin 1999 ya hana duk wata ƙungiya da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ba jam'iyya ko ɗan takara gudummawar kuɗi. Sashe na 15 na Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ya hana kashe kuɗin wajibi na 'yan ƙungiya a kan manufar siyasa, sai in ƙa'idojin ƙungiyar sun tanadi hakan. Dokar kamfanoni ita ma ta hana kamfani ba jam'iyya kyauta. A ɗaya hannun, sashe na 40 ya ba kowa 'yancin shiga jam'iyya, kuma a ƙarar da Alhaji Balarabe Musa da wasu suka kai hukumar zaɓe, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wannan 'yanci ya haɗa da ma'aikatan gwamnati.

Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa kowa ya sha gani. Zaɓe na ƙaratowa, sai shugabannin ƙungiya na jiha su ɗinka anko, a buga huluna masu hoton mai girma gwamna, a cika motoci zuwa gidan gwamnati. Kwamared ya karɓi lasifika ya ce ma'aikatan jiha kaf sun yanke shawarar ba su da ɗan takara sai shi, wani lokacin har a ce sun yi karo-karo sun saya masa fom. Ba a kira taron reshe ba, ba a tambayi malamin ƙauye ba, wanda watakila yana bin bashin albashin wata uku. In ka nemi inda aka rubuta kuɗin hulunan a littafin ƙungiya, sai ka tarar da su ƙarƙashin “wayar da kai” ko “zirga-zirga”.

Nan ne halinmu ya bambanta da na Birtaniyar 1900, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Leburan Taff Vale da kamfani yake faɗa, yana neman majalisa ta shiga tsakani. Manyan ƙungiyoyinmu kuwa, na malamai da na lafiya da na ƙananan hukumomi, mai gidansu gwamnati ce, gwamnati kuma ɗan jam'iyya ke riƙe da ita. Tun da mulkin soja ya haɗe ƙungiyoyi zuwa 42 ya kafa tarayyar ƙwadago ta NLC a 1978 tare da tsarin yankan kuɗi daga tushe, kuɗin ƙungiya ta hannun mai biyan albashi yake bi kafin ya iso gare ta. Wanda ke yanka shi ke iya riƙewa. In aka halatta kuɗin wata-wata ga jam'iyyu a irin wannan yanayi, ba jam'iyyar talakawa zai tafi ba. Wurin mai mulki zai tafi, a matsayin kuɗin neman zaman lafiya, kuma a kowace jiha jam'iyyar da ke gidan gwamnati ce za ta kwashe.

To, ita jam'iyyar ma'aikatan fa? An gwada a 1989 zamanin da Pascal Bafyau ke shugabancin NLC, Janar Babangida ya rushe ta tare da sauran ƙungiyoyin siyasa, ya kafa SDP da NRC. A 2002, zamanin Adams Oshiomhole, NLC ta yi rajistar jam'iyyar da ta koma Leba. Shi kansa Oshiomhole a tutar AC ya zama gwamnan Edo a 2008. Olusegun Mimiko ya hau mulkin Ondo da Leba a 2009, ya fice zuwa PDP a 2014. Peter Obi ya shigo a Mayun 2022, ya sami ƙuri'a miliyan 6.1 a 2023. A Maris na 2024 sai ga NLC ta yi wa hedikwatar jam'iyyar da ta haifa ƙawanya tana neman shugabanta Julius Abure ya sauka. Kuma a zaɓen 2023 ɗin nan, a Kano, Leba ba ta kai ƙuri'a 30,000 ba, Rabi'u Musa Kwankwaso kuwa ya doshi miliyan ɗaya. Ma'aikatan Kano da ake yanka wa kuɗin ƙungiya sun ninka ƙuri'un Leba nesa ba kusa ba. Da kuɗinsu ya tafi can, da an sa su ɗaukar nauyin wanda suka je rumfa suka ƙi zaɓa.

Hujjar masu cewa a bayar

Hujjarsu mai ƙarfi ce, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa siyasarmu ta masu kuɗi ce. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC a 2022 naira miliyan 100 aka sayar. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda mutum ɗaya ya ba ɗan takara har naira miliyan 50. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi sai ya yi kusan shekara 60 bai ci bai sha ba kafin ya tara wannan. Attajiri shi kaɗai runduna ne. Talaka kuwa ba shi da ƙarfi sai ya haɗu da ɗan'uwansa, kuma ƙungiya ce kaɗai inda ya riga ya haɗu. Hana ƙungiya da kamfani baki ɗaya yana kama da daidaito, amma mai kamfani zai zaro daga aljihunsa da sunansa, doka ba ta ce masa uffan ba. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa na ce sashe na 221 bai yi wa ma'aikaci adalci ba.

Suna kuma cewa ai ƙungiya da rinjaye take tafiya: in aka kaɗa ƙuri'ar yajin aiki, wanda bai so ba shi ma zama yake a gida. Nan ne na rabu da su. Mutum ya shiga ƙungiya ne don albashi da ƙarin girma da fansho da kariya daga kora, kuma a kan waɗannan ya yarda rinjaye ya ɗaure shi. Bai miƙa mata ƙuri'arsa ba. A ƙasar da zaɓe ke bin addini da yanki da tarihin gida, ƙungiyar ƙwadago na cikin wurare ƙalilan da ɗan APC da ɗan PDP da ɗan Kwankwasiyya, Musulmi da Kirista, ke zama benci ɗaya su rera taken haɗin kai. Ranar da aka kai kuɗinsu jam'iyya guda, ranar aka raba benci. Su kuma masu cewa ai gyaran dokar 2005 ya mayar da shiga ƙungiya ganin dama, wanda bai so ba ya fita, suna ba ƙaramin ma'aikaci zaɓi mai tsada: ko ya biya jam'iyyar da ba ya so, ko ya rasa mai tsaya masa ranar da aka ba shi takardar tuhuma.

Abin da ya kamata a yi

Kuɗin wata-wata ya tsaya a aikin ƙungiya, har da matsa wa majalisa da gwamnati lamba kan doka da farashi da haraji. Kada ko kwabo ya shiga asusun jam'iyya ko na ɗan takara, ko da sunan hula ko hayar mota.

Sannan Majalisar Tarayya ta gyara sashe na 221, ta yarda ƙungiyar da 'ya'yanta suka amince ta ƙuri'ar sirri ta buɗe asusun siyasa na dabam. Shiga asusun sai da sa hannun mutum, fita kuma duk ranar da ya so. Abin da na fi nacewa a kai shi ne kada kuɗin wannan asusu ya bi ta ofishin biyan albashi. Ma'aikaci ya tura daga asusunsa na banki ko wayarsa, don kada gwamna ya ga jerin sunayen waɗanda suka ba abokin hamayyarsa, kada kuma ya sami abin riƙewa. A duk shekara a kai lissafin asusun ga hukumar zaɓe da magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago, a kuma karanta shi a taron wakilai. Na san abin da zai taru ba zai kai na yanka daga tushe ba. Birtaniya ta nuna mana haka a 1927. Amma shugabannin da sai sun bi makaranta-makaranta da asibiti-asibiti sun shawo kan mutane kafin su sami naira ɗari biyar, dole su saurari abin da mutanen ke cewa, kuma jam'iyyar da aka gina da irin wannan kuɗi ba za a wayi gari wani ya saye ta da dare ba.

Gyaran tsarin mulki sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato 24 cikin 36, don haka ba aikin gobe ba ne. Kafin nan, ina kira ga ma'ajin kowace ƙungiya: in aka kawo maka takardar fitar da kuɗi don sayen fom ko shirya gangamin wani ɗan takara, kada ka sa hannu. Doka na bayanka.